Wedeliya, ciyawar ado mai yaɗo: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Wedeliya ita ce ciyawar nan mai yaɗo a ƙasa da ake gani a harabar otal-otal da makarantu da manyan gidaje, mai koren ganye shar da ƙananan furanni ruwan ɗorawa. Idan tana samun ruwa, ganyenta ba ya kaɗewa rani da damina, shi ya sa masu son rufe ƙasa don maganin ƙura da taɓo suke nemanta. Ga tambayoyin da masu sha'awar dasa ta suka fi yi.

Wace irin shuka ce, kuma daga ina ta fito?

Asalinta daga Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan. Masu lambun furanni suna kiranta wedeliya, a littattafan kimiyya na yanzu kuma sunanta Sphagneticola trilobata. Danginta ɗaya da shuwaka da latas.

Ba za ta ɓace maka ba idan ka lura da ganyen. Biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, suna da ɗan kauri da sheƙi, gefensu da haƙora, kuma yawanci kowane ganye ya rabu kashi uku. Furen bai fi santimita 2 zuwa 3 ba a faɗi. Tsayinta daga ƙasa ba ya cika wuce santimita 30. Yaɗonta irin na dankalin Hausa ne: duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa a nan, ta zama uwa mai zaman kanta. Wannan ɗabi'a ita ce amfaninta, ita ce kuma fitinarta, kuma kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Za ta rayu a zafin Arewa kuwa?

Za ta rayu. Zafi bai dame ta ba, ƙishirwa ce ke kayar da ita. A inda ta fito ana samun ruwan sama mai yawa, mu kuwa a Kano ko Katsina ko Maraɗi damina wata huɗu ce, sauran watannin sai abin da ka zuba mata da hannunka. Don haka kafin ka tambayi ko za ta rayu, tambayi kanka ko kana da ruwan ba ta daga Nuwamba zuwa Mayu. Mai rijiyar burtsatse ba shi da damuwa. Wanda yake saye a hannun 'yan garuwa ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna.

Da hunturu takan yi sanyin jiki, girma ya ja baya, bakin ganye ya ɗan bushe saboda iska. Ba mutuwa take yi ba. Da zarar ɗumi ya dawo sai ta farfaɗo.

Rana ta fi so ko inuwa?

Duka tana ɗauka, amma ba ta ba da abu iri ɗaya. A rana tana yin kauri, ta kwanta a ƙasa sosai, ta yi fure da yawa, sai dai tana shan ruwa. A inuwa ganyen ya fi faɗi da duhun kore, furen ya ragu, rassan su miƙe suna neman haske. A ƙasarmu wurin da ya fi dacewa da ita shi ne inda take samun hantsi, sannan inuwar katanga ko ta bishiya ta rufe ta daga azahar. Ƙarƙashin darbejiyar da aka sassabe wa rassan ƙasa yana yi. Ƙarƙashin tsohon mangwaro mai duhun inuwa kuwa wahalar banza ce: haske bai isa ba, ga saiwoyin bishiyar suna shanye ruwan, ga busasshen ganye yana danne ta.

Iri ake shukawa ko dashe ake yi?

Dashe. Ba ta cika yin 'ya'ya masu tsira ba, don haka kada ka ɓata lokaci wajen neman iri a kasuwa. Ba kuma dole ne ka sayi wadda aka raina a leda ba. Idan maƙwabci yana da ita, ranar da zai yi mata aski ka roƙe shi abin da ya yanke. Buhu ɗaya ya ishi tsakar gida.

Ka yanka rassan tsawon santimita 15 zuwa 20, kowane yanki da gaɓa uku ko huɗu. Zaɓi masu ɗan ƙwari, ba kan reshe mai laushi ba wanda rana ɗaya za ta kwantar. Cire ganyen ƙasa, ka ja ɗan layi da fartanya mai zurfin yatsa, ka kwantar da yankin a karkace ta yadda gaɓa biyu za su shiga ƙasa, sauran kuma su leƙo waje. Sai ka danna ƙasar da tafin hannu har ta kama reshen. Wannan dannawar ita mutane suka fi mantawa, alhali reshen da iska ke shiga gindinsa bushewa yake yi kafin ya yi saiwa. Ka yi aikin da la'asar sakaliya, ka ba da ruwa nan take.

Kwana biyu na farko za ka ga sun yi laushi sun sunkuya, kada hankalinka ya tashi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu, idan ka ja reshe a hankali ka ji yana turjewa, ya kama. Ɗan sabon ganye mai haske a tsakiyar gaɓa shi ne shaida ta biyu.

Tazara nawa zan bari, kuma yanki nawa nake buƙata?

Santimita 30 tsakanin kowane dashe idan kana gaggawa, 45 idan rassan sun yi maka kaɗan kuma kana da haƙuri. A tazarar 30, murabba'in mita ɗaya yana cin yanki kusan 11. Wato fili mai mita 3 da mita 4 zai ci wajen 130. A tazarar 45 kuwa 60 sun isa. Da damina, a ƙasa mai taki, wata biyu zuwa uku sun ishe ta rufe wurin.

Wane lokaci ya fi dacewa da dashe?

Idan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ba ruwan farko ba, wanda sau da yawa yakan ɗauke na mako biyu ya bar manomi da cizon yatsa. Dashen damina yana samun wata uku na ruwan kyauta, ya kafa saiwa kafin iskar hunturu ta fara. Ana iya dasawa da rani idan akwai ruwa wadatacce, amma dashen watan Afrilu a fili mai rana asarar ƙarfi ce, sai dai idan za ka yi masa rumfa da tsohon buhu ko zana.

Wane shiri ƙasar take buƙata?

Ba ta da tsirfa. Jigawa, jar ƙasa, laka, duk tana kamawa. Abin da ke ba ta wahala shi ne irin ƙasar da magina suke bari bayan sun tashi, wadda aka cakuɗa da ɓaraguzan bulo da siminti, motoci suka bi ta kai suka daddanne. Irin wannan sai an sa diga an fasa ta zurfin taƙi ɗaya, an tsince tarkacen, an zuba taki.

Kashin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe ya yi baƙi shi ne daidai, kwanon sarki ɗaya ga murabba'in mita biyu ko uku, a juya shi da ƙasar. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Taki mai haɗe da busasshen kara da bai ruɓe ba kuma gara yake gayyata.

Babban aikin dai shi ne ciyayi. Kiri-kiri da aya-aya da tofa, duk ukun suna da saiwa ko ƙwaya a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ka dasa a kansu za su ɓullo ta tsakiyar wedeliyar a lokacin da fartanya ba za ta iya shiga ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce ka gyara wurin, ka ba shi ruwa kwana goma ba tare da ka dasa komai ba, duk abin da ya tsiro ka tone shi da saiwarsa, sannan ka dasa. Wanda ya tsallake wannan zai shekara yana cirar aya-aya da yatsa.

Ruwa nawa take sha?

Mako biyu na farko kullum, safe ko yamma. Bayan ta kama, da damina ba ruwanka da ita sai idan an yi fari. Da hunturu sau biyu ko uku a mako ya isa. Da bazara ne ake gane mai lambu na gaskiya: a fili mai rana, ka ƙiyasta lita 4 zuwa 5 a rana ga kowane murabba'in mita. Filin nan mai mita 3 da 4 zai sha jarka biyu ko fiye ta lita 25 a kowace rana, daga Maris har ruwa ya sauka. A inuwa abin ya ragu sosai.

Gara ka jiƙa ta sosai bayan kwana biyu da ka riƙa yayyafa mata kullum. Yayyafi yana tsayar da saiwa a sama, inda ƙasa ta fi saurin bushewa. Ita ma tana faɗa maka da kanta: idan ganyen ya dushe ya naɗe da tsakar rana amma ya miƙe da magariba, lafiya lau. Idan ka fito da sassafe ka tarar da shi a kwance, ƙishirwa ta kai mata.

Gidaje da yawa suna zubar da ruwan da zai iya riƙe ta. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk sun dace, kuma idan aka dasa ta kusa da inda ake alwala kusan ta gama samun abincinta. Ruwan wanki mai omo da bilic ne kawai ba a so, yana lalata ƙasa a hankali.

Sai na sa mata takin zamani?

Ba dole ba. Idan ganyen ya fara komawa rawaya gaba ɗaya, ka barbaɗa ɗan NPK 15-15-15, cikin tafin hannu ɗaya ga murabba'in mita biyu, ka bi da ruwa nan da nan don kada ƙwayoyin su maƙale a ganye su ƙona shi. Sau ɗaya a farkon damina ya wadatar. Yuriya da yawa tana sa ta haukace da ganye, fure ya ɓace, aikin aski ya ƙaru.

Malam, an ce tana tara macizai. Gaskiya ne?

Wannan ce tambayar da iyaye mata suka fi yi, kuma tambaya ce mai kyau. Babu wani abu a jikinta da ke kiran maciji. Amma duk wuri mai sanyi da duhu da laima yana tara kwaɗi da ƙadangaru da ɓeraye, maciji kuwa abincinsa yake bi. Kunama ma tana son irin wannan maɓoya. Don haka, Hajiya, ba a ce kada ki dasa ba, amma a kiyaye abu uku. Kada a bar ta ta wuce tsawon santimita 10 zuwa 15. A bar fili tsirara, aƙalla rabin mita, tsakaninta da bangon ɗaki. Kada kuma a jibge itacen girki ko tsofaffin bulo a gefenta. Idan gidan a bakin gari yake, kusa da gona, ko kuma yara suna rarrafe a wurin, ni dai shawarata a dasa ta a tukwane ko a ɗan siririn layi a gindin katanga, a bar tsakar gida a share.

Batun sauro kuma, a ruwa mai kwanciya yake ƙwai, ba a ganye ba. Sai dai manyan suna fakewa a cikin ganye mai laima da rana. Aski yana rage wannan ma.

Zan iya dasa ta a gindin gini?

Idan ginin ƙasa ne, a'a. Ba saiwarta ce matsalar ba, don ba ta da zurfi ko ƙarfin fasa bango. Ruwan da za ka riƙa zubawa kullum ne zai jiƙa gindin katangar, ya kira gara, wata damina ka wayi gari bango ya zauna. Ko ginin siminti ne, laima tana hawa ta ɓare fenti. A ba da tazara.

Yara za su iya wasa a kanta, ko a shimfiɗa tabarma?

Ba ta jure tattaki. Rassanta suna da ruwa, suna karyewa, kuma hanyar da ake bi kullum takan zama tsirara cikin makonni. Idan dole a ratsa ta, a jera duwatsu masu faɗi ko intalok a matsayin matakala. Wurin ƙwallon yara ko zaman hira, kiri-kiri ta fi ta nesa ba kusa ba.

Awaki da tumaki fa?

Ba abincin dabbobi ba ce, kada a yanka a zuba musu a turke. Tana da wata 'yar uwa a Ajantina da Yurugwai, Wedelia glauca, wadda aka tabbatar tana lalata hantar shanu da tumaki har ta kashe su, wannan kaɗai ya isa a yi taka-tsantsan da dangin. Kaji kuwa ba ci ne matsalarsu ba, tono ne. Sabon dashe a gidan da kaji ke yawo sai an kewaye shi da waya ko ƙaya har ya rufe ƙasa.

Wasu mutanen fatarsu tana ƙaiƙayi idan sun daɗe suna taɓa ganyen da ruwansa. Idan kana cikinsu, sa safar hannu. Kuma duk da cewa a ƙasashen da ta fito ana haɗa maganin gargajiya da ita, wannan ba dalili ba ne na dafa ta a sha.

Yaya ake yi mata aski?

Da almakashin lambu ko lauje mai kaifi. Injin yankan ciyawa ma yana yi idan aka ɗaga shi sama sosai. Da damina duk bayan mako uku ko huɗu, da rani sai ka ga buƙata. Gefe-gefe ya fi tsakiya muhimmanci, domin ta nan take tsallaka iyaka ta hau kan sauran furanni, ta naɗe ƙananan itatuwa. A gindin sabon dashen gwaiba ko lemo, a bar da'ira mai faɗin mita ɗaya babu ita.

Bayan shekara biyu ko uku takan yi tsufa: sama kore, ƙasa kuwa tarin busassun rassa. A farkon damina ka sare ta ƙasa-ƙasa, ka kwashe tarkacen da manjagara, ka watsa ruɓaɓɓen taki. Wurin zai yi muni na mako biyu, sannan ya dawo sabo fil.

Me ya sa tawa take rawaya, ko take yin sanƙo a tsakiya?

Duba gindin tukuna. Idan ƙasar tana caɓewa kuma rassan sun yi baƙi, ruwa ne ya yi yawa, abin da ake yawan gani a watan Agusta a ƙasar laka. A yi mata ɗan magudani, a rage kaurinta iska ta shiga. Idan tsofaffin ganye ne suka fara rawaya, yunwa ce. Idan kuwa sababbin ne suka yi fari-fari amma jijiyoyinsu suna nan kore, yawanci siminti ko toka ce ta yi yawa a ƙasar, ta hana saiwa ɗaukar sinadarin ƙarfe, maganinsa kuma ruɓaɓɓen taki ne da haƙuri.

Ƙwari ba su cika damunta ba. Wani lokaci fararen ƙwarin nan masu gari-gari suna taruwa a gaɓoɓi, da hunturu kuma wasu ƙananan mitsi-mitsi suna tsotse bayan ganye har ya yi ɗigo-ɗigo. A yanke inda ya kamu, a wanke sauran da ruwa mai ƙarfi. Idan sun ƙi tafiya, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana ɗaya, a tace, a fesa da yamma.

Za ta tsayar da zaizayar ƙasa?

Ta sama-sama, e. A gangare mai sauƙi tana karya ƙarfin ɗigon ruwa, ta riƙe ƙasar sama. Amma kwari mai zurfi da ya riga ya buɗe baki ya fi ƙarfinta, saboda saiwarta gajera ce. Wannan aikin jema ne, mai saiwa mai nutsawa ƙasa sosai. Ban da haka ma, bakin kwari da magudanar ruwa su ne ainihin wuraren da bai kamata a kai ta ba, kamar yadda amsa ta gaba za ta nuna.

Na ji an ce a wasu ƙasashe an hana dasa ta. Me ya jawo?

Gaskiya ne. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin halittu 100 da suka fi ɓarna idan aka kai su ƙasar da ba tasu ba. A jihar Kwinsland ta Ostireliya dokar 2014 ta hana sayar da ita ko bayar da ita kyauta ko sakinta a daji. A kudancin Sin da tsibiran tekun Fasifik irin su Fiji, an kai ta ne don ado, sai ta fita daga lambuna ta mamaye bakin koguna da gonaki, ta danne tsirran wurin. Yadda take fita kuwa ba wani abin mamaki ba ne: mai lambu ya yi aski, ya zubar da shara a bayan katanga ko a kwata, ruwa ya kwashi guntayen, kowane guntu ya zama sabuwar uwa.

Mu a Arewa rani yana yi mana gadi. Guntun da ya faɗa jigawa ba zai ga watan Afrilu ba. Amma wannan kariya ba ta kai fadama ba, ko bakin kogi da madatsar ruwa, ko magudanan noman rani irin na Kadawa, inda ƙasa ke da laima duk shekara. Can idan ta shiga, manomin shinkafa da na kayan lambu ne za su biya kuɗin adon wani. Haka nan kudancin Kaduna da Abuja zuwa Kudu, inda damina ta fi tsawo, haɗarin ya fi girma.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. A cikin gida mai katanga, a wurin da siminti ko intalok ya kewaye, a dasa. A gona, a lambun fadama, ko a gidan da kwatarsa ke zuba a rafi, kada a soma. Abin da aka yanke kuma a baza shi a rana kan siminti har ya bushe ƙarau, sannan a ƙona ko a zuba a ramin taki. Ɗanye ba ya fita daga gida.

Idan na gaji da ita, yaya zan raba kaina da ita?

Da wuya, amma rani yana gefenka. Ka daina ba ta ruwa daga Fabrairu, ka bari bazara ta gasa ta, sannan ka tone da fartanya kana tsince kowace gaɓa. Idan ruwan farko ya sauka, ka sake zagayawa, domin lallai wasu za su ɓullo. Sara da adda kawai ƙara mata yawa yake yi. Maganin ciyawa mai gilaifoset, wanda manoma suka saba da shi, sau da yawa ƙona ganyen yake yi ta sake tofowa. A Ostireliya sun fi amfani da mai sinadarin metsulfuron, amma shi kuma yana daɗewa a ƙasa yana iya taɓa itatuwa da kayan lambun da ke kusa, don haka a ƙaramin gida hannu ya fi.

Akwai wata da zan dasa a madadinta?

Akwai, gwargwadon abin da kake nema. Dankalin Hausa da kansa yana rufe ƙasa da kyau, ganyensa na miya ne kuma na dabbobi, ga saiwa a ƙarshe, sai dai duk shekara ana sabunta shi. Akwai gyaɗar ado 'yar asalin Barazil, Arachis pintoi, mai ƙananan furanni rawaya, wadda ta fi kwanciya a ƙasa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, amma tana da jinkirin rufewa kuma tana son ruwa. Ga wuri mai rana da ƙarancin ruwa, fasa-ƙabbar ado mai furanni kala-kala ta fi kowa juriya, ko da yake ba ta yin kauri. Duman rafi yana nan kyauta a bakin kowane tafki, kore har cikin rani, amma yana sa dabbobin da suka ci shi rawar jiki da tangaɗi, don haka bai dace da gidan da ake kiwo ba. Ita kuwa finka, wata ciyawar ado mai yaɗo mai shuɗin fure da ake gani a hotunan lambunan Turai, 'yar ƙasar sanyi ce, bazararmu ba za ta bar ta ba.